Sabbin ƙananan jiragen DMU: kwalliyar tasu ta biya kuɗin sabulu kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan teburin layin dogo na sikelin OO da na haɗa a ɗaki, da wani tsohon DMU mai tarago uku da na saya na hannu, inaga ƙirar shekarun 1980 ne, yana tafiya dai amma akwai ƙara. Yanzu ina ganin hotunan sababbin da ake fitarwa kamar jirgin gaske, sai dai kuɗin ya ninka nawa sau nawa. Don Allah wannan ƙananan tarkacen da ake ta yabo ana ganinsu kuwa in jirgi yana gudu, ko kuɗin hoto kawai mutum zai biya? Sannan kwanar layina a matse take, ina tsoron in saya ya ƙi bi."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya, na farko ko ido yana cin moriyar wannan aikin daki-daki da ake yi wa sababbin, na biyu ko zai zauna lafiya a layinka. Amsar a gajarce ita ce, wani ɓangare na kwalliyar ana ganinsa tun daga bakin ƙofa, wani kuma wallahi kamara kaɗai aka yi wa shi, kuma abin da ya raba su ba sirri bane, lissafi ne. Amma bari in ɗan koma baya tukuna don sai ka san abin da ake kwaikwayo sannan zaka gane inda aikin ya yi kyau da inda ya zama ɓata kuɗi.

DMU daban yake da sauran jirage

DMU jirgin fasinja ne mai amfani da dizal wanda babu kan jirgi daban a gabansa, taragon da kansu suke ɗauke da inji a rataye a ƙarƙashin dandamali, kuma akwai ɗakin direba a kowane ƙarshe, in ya kai tasha ta ƙarshe direba ya sauko ya taka zuwa ɗaya kan shi kenan. A Birtaniya sun fara yawa ne daga 1954 da irin waɗanda aka ƙera a Derby, sai shirin zamanantar da jiragen ƙasa na 1955 ya sa aka yi ta zubo su, su Class 101 na kamfanin Metro-Cammell da su 105 da 108 da 117 da sauransu. Class 101 ɗin nan ya yi aiki har ƙarshen 2003, kaga kusan shekara 47 kenan. Daga baya a shekarun 1980 aka kawo zubi na biyu, su Pacer da aka ɗora bodin bas ɗin Leyland a kan ƙafa huɗu, da su Sprinter, 150 da 156 da 158.

To me ya sa nake wannan dogon bayanin? Saboda kan jirgi na dizal akwati ne rufaffe, mai ƙera samfuri zai cusa babban injin lantarki da dalma ko wani ƙarfe mai nauyi a ciki ba wanda zai gani. Shi kuwa DMU kusan rabin jikinsa gilashi ne, kana hango wancan ɓangaren ta cikin wannan, a tsoffin ma fasinjan da ya zauna gaba yana kallon layin dogo ta bayan direba. Sannan duk kayan cikinsa a waje suke, inji da giyabos da lagireto da tankin mai da akwatin batir duk suna reto a ƙasa. Kenan ba inda za a ɓoye komai. Wannan shi ne matsalar da masu ƙera shi suka shekara da shekaru suna fama da ita, kuma yawancin kuɗin da kake gani a sabo nan ya tafi.

Lissafin nisa

OO yana nufin an rage jirgi sau 76, ko in ce 76.2 in za a bi daidai, wato kowane tsawon ƙafa ɗaya na awo a jirgin gaske ya koma milimita 4. To in ka tsaya mita ɗaya daga teburinka tamkar ka tsaya mita 76 ne daga jirgin gaske. Ka tuna ranar da ka hango jirgi daga irin wannan nisan, me ka gani? Fasalin fuskarsa, launinsa, jerin tagogi, hasken da ke ratsa su, duhun kayan ƙarƙashi, fitila. Ba ka ga rubutun da ke jikin tankin mai ba. Lafiyayyen ido a nisan mita ɗaya abin da zai iya rabewa bai wuce kusan milimita 0.3 ba, shi ma sai da haske mai kyau kuma abin yana tsaye. Ƙarfen da ake kamawa a hau jirgi, wanda kaurinsa na gaske ya kai milimita 30, a OO zai dawo 0.4, kaga yana bakin iyaka, zaka gan shi ne kawai don yana jefa inuwa a jikin bodi in an saka shi daban da waya. Amma kan noti, da 'yan rubuce-rubucen gargaɗi, da ƙananan bututun da ke bayan bogi, wato keken ƙafafun nan mai juyawa a ƙarƙashin tarago, waɗannan sun riga sun ɓace tun kafin jirgin ya motsa. In kuma ya motsa, mil 70 a awa da tsoffin suke yi, a tebur kusan santimita 41 ne a daƙiƙa ɗaya.

Shi ya sa nake raba kwalliyar gida biyu a kaina, wadda ke aiki daga nesa da wadda sai ka ɗauko jirgin ka kawo kusa da hanci.

Abin da ido ke kamawa da gaske

Na farko taga. A tsoffin samfura bangon bodin roba ne mai kauri, sai a manna doguwar farar roba ta ciki, tagar ta shige can ciki kamar rami. In kaurin bangon milimita 1.5 ne, a jirgin gaske ramin santimita 11 kenan, alhali gilashin gaske kusan daidai yake da fatar bodi. Sababbin kowace taga an zuba ta daban ta zauna daf da waje, kuma in haske ya bugi gefen jirgin sai ya ɗauki ƙyalli a jere kamar na gaske. Wannan bambancin ko yaro zai gani, kuma tunda DMU taga ce a kan taga, ni a wurina shi ne rabin maganar.

Na biyu inda aka sa injin lantarkin. Tsohon tsari shi ne a dasa wani ƙaton inji a kan bogi ɗaya, sai injin ya tokaro sama ya cike wurin kaya ko ma ya cinye taga biyu uku, ka leƙa ka ga baƙin dutse a inda ya kamata ka ga kujeru. Yanzu ana yin siririn inji a kwantar da shi ƙasa da layin taga, a saka masa fulawil, ya juya ƙafafu ta sanda kamar yadda na gaske yake yi. Sai cikin ya zama fili tun daga gaba har baya. Akwai ɗan ha'inci a ciki, don dole a ɗaga dandamalin sama kaɗan, kujerun su zama gajeru, shi ya sa in zan saka fasinjoji sai na yanke musu ƙafa daga gwiwa, wani lokacin ma na sikelin HO nake sakawa tunda sun fi ƙanƙanta, 1 cikin 87 ne su. Daga waje ba mai ganewa.

Na uku ƙarƙashi. A da akwati ɗaya ake zubawa a zana surar inji da tanki a jikinsa, ba haske da ke wucewa. Yanzu kowane abu daban yake rataye kuma kana hango haske a tsakaninsu, ga salansa ta fito ta haura bayan tarago har saman rufi. Amma fa ka lura, wannan sai idonka yana kusa da tsayin layin. In teburinka ƙasa yake kana kallon jirage daga sama kamar shaho, to rufi kawai kake kallo, kuɗin ƙarƙashin ka yi sadaka da shi.

Sai fuska. Nan ne ake gane ko kamfani ya yi aiki. Yanzu suna zuwa wurin da aka adana jirgin gaske su auna shi da na'urar leza, su haɗa da zanen asali, su zana a kwamfuta kafin a sassaƙa mazubin ƙarfe. Kuma ana yin mazubin da ɓangarori masu cirewa don a iya fitar da bambance-bambance, wannan yana da akwatin lamba mai harafi huɗu a goshi, wancan mai biyu, wani an cire masa gaba ɗaya bayan an daina amfani da lambobin a 1976. A da ba haka bane, mazubi ɗaya ake yi a yi ta canza fenti. Misalin da kowa ya sani shi ne samfurin Class 117 na kamfanin Lima, jirgin gaske taragon gabansa da na bayansa ba iri ɗaya bane, ɗaya ne kaɗai ke da wurin gadi da kaya, amma su sai suka saka iri ɗaya a duka kan biyun don kada su yi mazubi na uku. Mutane sun yi shekaru suna wasa da shi a haka suna jin daɗi, sai ranar da wani ya nuna maka, daga nan idonka ba zai ƙara barin wurin ba. Ka yafe ni in naka ne.

Abin da aka yi wa kamara

Waifa ta siririn ƙarfe, matakalar direba mai kauri kamar takarda, bututun birki a gaba, ƙugiyar fitila, rubutun da sai da gilashin ƙara girma ake karantawa, agogunan gaban direba da aka yi wa fenti. Suna da kyau ba ƙarya, kuma ni ma in na buɗe kwali nakan daɗe ina kallo. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu hannun mutum ne ya ɗauka da hantsaki ya ɗiga gam ya manna, a masana'antun ƙasar Sin inda ake haɗa kusan dukkansu yanzu, kuma kowane launi na rubutu bugu ne daban. Ga shi tarago uku na DMU ɗaya bodi uku ne mabambanta, mazubi uku, kuma ba miliyoyi ake bugawa ba balle kuɗin mazubin ya narke. Shi ya sa mai tarago uku ya haura fam 300 ba abin mamaki bane yanzu, in da sauti kuwa sai ka ƙara.

Kuma su ne masu karyewa. Akwai wani mai tarago biyu da na saya, ranar farko wajen zaro shi daga robar kwalinsa babban yatsana ya danne matakala ɗaya, ko ƙara ban ji ba, sai ganinta na yi a kan tebur. Na manna ta, bayan sati ta sake faɗuwa a wani wuri cikin ramin dutsen da na gina, har yau ban gan ta ba. Abin dariyar shi ne shekara ta zagayo babu baƙo ɗaya da ya lura babu ita, ni kaɗai nake gani. Tun daga nan jakar ƙananan kayan da ake haɗowa a kwali, kan da zai riƙa fuskantar mutane kaɗai nake saka wa, ɗaya kan in bar shi da ƙugiyar jan tarago.

Fitila da sauti

Nan kam an ci gaba sosai, amma sai kana da DCC zaka more. A tsohon tsari na DC wutar layin kake ƙarawa ko ragewa har zuwa bolt 12, in jirgi ya tsaya fitila ta mutu. A DCC wuta tana kan layi kullum, akwai ɗan dikoda a cikin jirgi da ke karɓar umarni, sai ka kunna fitilar ciki daban, ta ɗakin direba daban, ka kashe jar baya in ka haɗa jirgi biyu. Kafin ka saya ka duba wane irin soket ne a ciki, mai fil 8 ne ko 21 ko Next18 ko PluX22, don dikodan wannan ba ya shiga wancan, sannan ka tambaya dikoda nawa jirgin yake ci. Wasu ɗaya ya isa saboda mahaɗin tarago yana ɗauke da wuta, wasu kuwa kowane kai sai nasa, kuɗi biyu kenan.

Ƙorafina da fitilun shi ne sun cika haske. Jirgin shekarun 1960 ƙwan fitilarsa na gaba dishi-dishi ne, ba don haska hanya aka yi shi ba, kuma shekaru da yawa jar fitilar mai ake ratayawa a baya. Cikin taragon ma haske ne ja-ja mai laushi. Sai ka ga samfuri ya fito da farin haske kamar ɗakin tiyata. A DCC ana iya rage shi, ni kusan kowane nawa sai da na rage fiye da rabi.

Sauti kuwa, in akwai jirgin da ya cancanci a saka wa sifika to tsohon DMU ne. Yawancinsu inji biyu ne a kowane tarago mai ja, kowanne ƙarfin doki 150, da giya huɗu, direba sai ya saki mai, ƙarar ta faɗi, ya ɗan jira, ya canza giya sannan ya sake bayarwa. In aka yi rikodin ɗin da kyau, tashinsa daga tasha kaɗai ya isa ka zauna kana maimaitawa. Wannan ita ce kwalliyar da ba ruwanta da nisa. Su 158 giyarsu ta ruwa ce, ƙarar doguwa ce kawai ba wannan yankewar, ni dai ba ta burge ni kamar ta tsoffin, amma wannan ra'ayina ne.

Maganar kwanarka

To nan ne zan ce ka dakata da kuɗinka ka ɗauko tef. A layin da ake sayarwa gunduwa-gunduwa na OO kwana ta ɗaya faɗin juyinta, wato daga tsakiyar da'irar zuwa tsakiyar layi, milimita 371 ne, ta biyu 438, ta uku 505, ta huɗu 572. Yawancin sababbin nan an rubuta a jikin kwalinsu cewa daga ta biyu zuwa sama suke bi. Dalilin shi ne duk kayan da aka rataya a ƙasa sun rage wa bogi wurin juyawa, ga taragon an matso da su kusa da juna don su yi kama da gaske. In layinka kwana ta ɗaya ne, gaskiya kada ka saya sai ka gwada, ko ka sake shimfiɗa kwanar.

Tsawo ma abin dubawa ne. Taragon 156 ko 158 mita 23 ne, a tebur kusan santimita 30, biyu kenan 60. Ko ya bi kwana ta biyu zaka ga tsakiyarsa ta ratso ciki kansa ya leƙa waje, yana iya gogar dandamalin tasha ko jirgin da ke layin kusa. Tsoffin masu gajeren shasi kamar 101 da 108 tsawonsu ƙafa 57 ne, wajen santimita 23, sun fi zama da kyau a ƙaramin tebur. Kuma ka sani mahaɗin da ke ɗauke da wuta tsakanin tarago ba ya son a riƙa cirewa ana mayarwa kullum, 'yan fil ne sirara a ciki, na taɓa lanƙwasa ɗaya don na haɗa a karkace, sai fitilar taragon baya ta koma ƙiftawa. A miƙaƙƙen layi ake haɗa su a tura a hankali. In kai mai kwashe jirage ne ka mayar kwali duk dare, wannan kaɗai ya isa ya sa ka sake tunani.

Wani abin ban dariya kuma, duk wannan bin diddigin da ake yi, OO kansa layinsa ba daidai yake ba. Faɗinsa milimita 16.5 ne alhali lissafi ya ce 18.83 ya kamata, an gaje shi ne tun zamanin da injin lantarki ya yi wa ƙananan bodin jiragen Birtaniya girma. Kenan muna ƙirga noti a jikin jirgin da ƙafafunsa suka matse da sama da milimita 2. Akwai masu gyara wannan, 'yan EM da P4, amma wannan wata duniyar ce.

Da ni ne kai

Ba zan yar da tsohon ba. Ƙarar da kake ji yawanci datti ne da bushewa, ka buɗe ka goge ƙafafun da inda gawayin injin ke gogawa, ka ɗiga mai kaɗan a haƙoran giya, kaɗan fa, ka duba robar da ke jikin taya ko ta bushe. In ka iya sulda ka ƙara wayar ɗaukar wuta a ɗaya bogin, tsayawar da yake yi a mararraba za ta ragu sosai. Ana sayar da tagogin da ke zama daf da waje na tsoffin samfura da yawa, ka saka su, ka yi wa kujeru da dandamali fenti, ka zuba fasinjoji goma, ka shafa wa ƙarƙashin ruwan ƙasa mai duhu da baƙi-baƙi wajen inji. Zai ba ka mamaki daga mita ɗaya. Abin da ba zaka iya gyarawa cikin sauƙi ba shi ne fasalin fuska da tafiyar hankali, don sabon yana iya rarrafowa tasha kamar mai sanɗa, tsohon kuwa sai dai ya zabura ko ya tsaya.

In kuma zuciya ta nace sai sabo, kuma kwanarka ta kai ta biyu, ka fara da Class 121, mai tarago ɗaya tal da ɗakin direba gaba da baya. Guda 16 aka ƙera a 1960 kuma kamfanin Chiltern Railways sun yi ta ɗaukar fasinja da shi har 2017, kaga zai shiga kusan kowane zamani ka zaɓa. Kamfanonin Bachmann da Dapol duk sun yi samfurinsa a OO. Babu mahaɗin da zaka lanƙwasa, dikoda ɗaya, tsawonsa bai fi santimita 26 ba, kuma duk abin da ake yabo a sababbin yana jikinsa. Ka ajiye shi kusa da tsohon naka sati biyu kana kallo daga inda ka saba tsayawa, idonka zai gaya maka ko mai tarago uku ya cancanci kuɗinsa.

Duk wannan fa a kan OO nake magana don shi nake yi, kuma teburina a tsayin ƙirji yake, shi ya sa ƙarƙashin jirgi ya dame ni fiye da yadda zai dami wani. A sikelin N da aka rage sau 148 kusan duk ƙananan nan sun ɓace, a O kuma da aka rage sau 43.5 har waifar ma ana gani daga nesa. Sannan ban ga layinka ba. Ka auno min kwanar da ta fi matsewa, daga tsakiyar da'irar zuwa tsakiyar layi, da tsayin teburin daga ƙasa, ka kuma gaya min DC kake ko DCC, sai mu san wanda zai shiga.